Inna Ta Ce Ni Na Shayar da Shi

Assalamu alaikum Hajiya Wasila. Don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wagga takarda har ƙarshe ko da ta yi miki tsawo, don na rasa wanda zan faɗa wa. In na faɗa wa na gida magana ta fita, in na yi shiru cikina zai fashe. Kada ki sa sunana. Sunayen da za ki gani duk na canza su, amma abin da ya faru ban taɓa ko ɗaya ba.

Shekarata arba'in da biyar. A Liba anka haife ni, cikin ƙasar Maiyama, aure ya kawo ni Aliero. Maigidana manomin albasa ne, ni kuma gabu nake yi da lawashin da ake kawowa daga gona, in daka, in dunƙula, in shanya, mata su zo su saya. 'Ya'yana biyar. Ta ukunsu ita ce Amira, wadda anka sa ranar aurenta bayan an gama cire albasa. Yau saura mako bakwai, kuma ni uwarta ban san ko auren nan halal ne ko haram ba.

Mahaifiyata, Inna Hajara, tana hannuna tun bara da damina. Sai kin san wace ce Inna kafin ki gane abin da ke ci na. A Liba da wuya a ɗaura auren ɗan gari da 'yar gari ba a aiko wata ta shiga ɗakinta ta tambaye ta ba. Kin san zaman ƙauye. Uwa ta kwanta ciwo, ko nono ya ƙi zuwa, ko ta tafi rijiya yaro na tsala kuka, sai maƙwabciya ta ɗauka ta ba shi nata. Shekara ashirin ta wuce, kowa ya manta, yara su girma su ce suna son juna. To Inna ba ta mantawa. Ko alif ba ta iya rubutawa ba, amma za ta ce miki wance ta shayar da wane shekarar da fara ta ci gero, a zauren gidan wane, kwana kaza. Da idona na ga an sayi goro an gayyaci mutane, Inna ta aika a dakata, anka bincika anka tarar da gaskiyarta. An ji haushinta, amma ba wanda ya taɓa kama ta da kuskure cikin wagga magana, ko sau ɗaya.

Wannan matar ce yau take zuba gishiri sau uku a miya. Da haka ya fara, muna ta yi mata tsiya. Sai ta koma yin azahar ta sallame, ta tashi ta sake alwala ta ce ba ta yi ba. Sai munka riƙa tsintar kallabinta cikin tukunya, takalminta cikin randa. Babanmu shekara goma sha ɗaya da rasuwa, amma kullum sai ta rufe masa tuwo ta ce yana masallaci. Ni kaina wata rana ta kira ni da sunana, wata rana Uwani, sunan yayarta, wata rana Laraba, tsohuwar matar yayana Yari, wata rana kuma baiwar Allah kawai, kamar wadda ta shigo neman wuta.

Da abin ya yi yawa na ɗauke ta munka tafi asibiti a Jega. Likitan matashi ne, yana da haƙuri, ba laifi. Ya tambaye ta yau wace rana ce, ta ce shi bai sani ba ne? Ya faɗa mata abu uku ya ce ta riƙe, da jimawa ya tambaye ta, ta ce yaushe ya ba ta ajiya. Na yi dariya, sai na ga shi bai yi ba. An ɗebi jini, an gwada hannunta an ce jininta ya hau ƙwarai. Sannan ya zaunar da ni ya shiga jera mini zai yiwu. Zai yiwu ciwon mantuwa ne mai cin ƙwaƙwalwa a hankali, wanda ba ya warkewa. Zai yiwu hawan jinin ne ya riƙa toshe ƙananan jijiyoyi a kanta ba mu sani ba. Zai yiwu wani abu ne jikinta ya rasa, wanda magani zai iya gyarawa. Wai sai an yi hoton kai da wasu gwaje-gwaje a babban asibiti kafin ya ce ga shi. Na ce likita, ni da zai yiwu na baro gida, ba shi na zo nema ba!

Sai na tambaye shi abin da ya fi damuna: ana gadonsa? Ya ce akwai wanda ake gado, akwai wanda ba a gado. Ya ce ko akwai wani a dangi da ya taɓa yin haka? Na ce akwai Inna Uwani. Ya sunkuyar da kai ya rubuta. Rubutawa kawai ya yi. Hajiya, wata takwas ke nan hannun nan nasa mai rubutu bai bar idona ba.

Inna Uwani a Fagada ta yi aure, kuma da gishiri ita ma ta fara. Daga baya anka koma rufe ta a ɗaki don tana fita neman gidan ubanta. Ran nan wani ya bar ƙofa a buɗe. Sai rana ta uku anka tsince ta cikin gonar dawa, a zaune, ta jingina da kututture, rai ya yi halinsa. Ina cikin waɗanda sunka yi mata wanka. Sai da munka zauna muna cire mata ƙaya daga tafin ƙafa kafin mu sa ruwa.

Takardar da likita ya ba mu ta zuwa babban asibiti tana nan ƙarƙashin zannuwana a akwati. Yaya Yari ya hana. Ya ce tsufa ne, ba a kai tsufa asibiti, kuma in munka riƙa yawo da ita gari gari za a ce hauka ce a gidanmu, wa zai auri 'ya'yanmu? Na yi masa faɗa har ya kashe mini waya, amma shi ne babba, na haƙura.

To ga inda gizo ke saƙar. Wanda zai auri Amira sunansa Ammar, ɗan aminiyata Balkisu, Allah ya jiƙanta, shekararta shida da rasuwa. Ni da Balki danga ɗaya ta raba gidajenmu a Liba. Shekara ɗaya anka yi mana aure, ita Jega ni Aliero, kuma tare munka koma gida wankan jegon fari, kwana goma sha biyu tsakaninmu. Na haifi Muttaka, ta haifi Ammar. Tun muna cikin jego muke cewa in Allah ya ba ni mace to tasa ce. Wasa muke, amma Allah ya ji. Yaro ya girma yana gyaran injin ban ruwa a Jega, ya zo yi wa maigidana gyara, ya ga Amira ita ma ta gan shi. Ba wanda ya ce musu ku so juna. Ran da anka sa rana na shiga ɗaki na yi kuka, na ce Balki ga alkawari zai cika kina ƙasa.

Mako uku da sunka wuce, ran Juma'a bayan la'asar, ya zo gaida Inna. Ya durƙusa, na ce Inna ga angon Amira, ɗan Balki. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta kama wuyan hannunsa, idonta ya washe tar kamar na da, ta juyo ta dube ni ta ce: “Wanga ba ɗan Balki na ba? Ai ɗanki na. Ke kib ba shi nono ran da anka tai da uwatai asibiti.” Wallahi Hajiya da muryarta ta da ta faɗe shi, muryar nan da take dakatar da aure da ita. Ammar ya yi 'yar dariyar yaƙe ya ce Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya tashi ko ruwa bai sha ba. Amira na bayan labule da kofin ruwan, na ji faɗuwarsa a ƙasa.

Bari in faɗa miki abin da ni na sani. Gaskiya ne Balki ta yi zazzaɓi, nononta ya kumbura, anka kai ta asibiti a Jega ta kwana huɗu, jariri yana wurin kakarsa yana ta kuka har muna ji ta danga. Na tuna an miƙo mini shi na aza a cinya. Na tuna nonona na zuba har ya jiƙa mini riga. Na tuna Inna ta shigo da kwanon kunun kanwa ta daka mini tsawa ta ce kul, ba ku kunka ce za ku haɗa ɗiya ba? Ta karɓe shi ta kai wa Laraba, wadda a lokacin take goyon ɗan wata bakwai. Wannan shi na sani shekara ashirin da biyar, kuma ran Alhamis ɗin da ta gabaci zuwan Ammar, da an ba ni Alƙur'ani da na dafa.

Yanzu fa? Yanzu zuciyata ce ke tambayata: kafin Inna ta shigo, tun yaushe yake cinyarki? Sauran kwana ukun fa? Ni ma fa jego nake, ruwan zafi safe da yamma, in na tashi jiri na ɗibata. Duk ran da na koma in duba sai in ga abin ya canza. Akwai ran da na ga kaina ina ɗaga riga, kuma ban san ko tunawa na yi ko saƙar zuci ce ba.

Kin ga inda na tsaya. In Inna ta yi kuskure, to Inna ta tafi ke nan, don abin da ta fi kowa sani a duniya ne ya kuɓuce mata. In kuma ita ke da gaskiya, to ni ce na shayar da ɗan mutum na manta, abin da mace ba ta mantawa. Ke nan ciwon ya riga ya kama ni, kuma ina shirin ɗaukar ƙanwa in kai wa wanta da hannuna. Gaba kura baya sayaki. Ga shi mata na cewa masu irin wannan ciwo sabon abu suke mantawa, tsoho yana nan daram.

Tun ran nan ban ƙara yarda da kaina ba. Na shanya gabu na manta har awaki sunka tattake shi. In shiga ɗaki in tsaya kamar gunki, ban san me ya kawo ni ba. Na kira Amira da sunan ƙanwarta sau biyu a wuni guda. Surar Tabara da nake karantawa tun ina 'yar shekara tara, shekaranjiya na tsaya cak a tsakiyarta. Na samu gwangwanin madara, duk mantuwar da na yi sai in jefa wake ɗaya a ciki. Jiya na zazzage na ƙirga, sittin da ɗaya. Ni da Inna kuwa kamar an tsaga kara, har wushiryar. Da in an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe daɗi nake ji, yanzu in na ji shi sai gabana ya faɗi. In na ga gonar dawa sai in kau da kai.

Abin da ya fi ba ni kunya shi zan faɗa yanzu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kullum da safe in na kai wa Inna koko sai na tsare ta da tambaya. Yau ta ce ni ce, gobe ta ce wane Ammar, jibi ta ce Balki ai ba ta taɓa haihuwa ba. Ran Talata raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, na kama kafaɗarta na girgiza, ni, uwar da ta haife ni. Ta takure a kusurwar gado tana hawaye, ta ce: “Baiwar Allah, mi niy yi miki? Bari ɗiyata ta zo.” Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fita bayan ɗaki na toshe bakina da zane.

Amira ta daina cin abin kirki. Kullum sai ta ce Mama ke dai ki ce a'a, ai ke kika sani. Ammar ya ce mata maganar tsofaffi ce, a bar ta a nan, amma kwana goma ke nan bai tako gidan ba. Maigidana bai sani ba, yana gona daga asuba har magariba, kuma mutum ne da in ya ji ko ƙamshin haram ba ya tsayawa bincike, ranar zai aika a fasa.

Na san za ki ce Laraba fa. Tana nan da ranta, ta yi wani aure a Maiyama. Amma lokacin da sunka rabu da Yaya ni na tsaya masa, ni na fito mata da kayanta tsakar gida, na ce ko gawata kada ta zo. Bakina ba shi da linzami, na sani. Shekara goma sha huɗu ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba, da wane ido zan shiga gidanta? Kuma in zan faɗi gaskiya ba kunyar ce kaɗai ba. Tsoro nake ta ce mini eh, ke kika fara ba shi.

Hajiya, in yi shiru a ɗaura, tunda ni abin da na sani ke nan? Ko in fasa auren ɗiyata a kan maganar matar da ba ta san sunana ba? Kuma don Allah kada ki lallashe ni, ki faɗa mini gaskiya: abin da ya ci Inna Uwani, yake cin Inna, ni ce ta uku?

Taki cikin damuwa,
Mai Gabu, Aliero.

*

Wa alaikumus salam, Mai Gabu. Na karanta takardarki har ƙarshe, na kuma sake karantawa. Allah ya jiƙan Inna Uwani da Balkisu, ya ba Inna sauƙi. Kin ce kada in lallashe ki, to ba zan yi ba.

Ki fara da gwangwanin nan: ki juye waken a tukunya ki dafa. Macen da ke jinyar uwa, tana shirin biki, tana riƙe da sirrin da ya hana ta ci da barci, in ba ta manta gabu a rana ba ai da mamaki. Damuwa da rashin barci suna kawo mantuwa ga mai lafiya ƙalau, kuma duk wanda ya zauna yana gadin kansa sai ya kama kansa. Ga ki kin rubuto mini labarin shekara ashirin da biyar a jere, da kwanakinsa da kwanon kununsa, ba ki ɓata ko sau ɗaya ba. Ni ba likita ba ce, amma wannan ma a sa shi a ma'auni.

Kin ɗaure abu biyu da igiya ɗaya, shi ya sa kika kasa motsi. Kin ce ko dai Inna ta tafi, ko ke kin kamu. Ba haka ba ne. Lafiyar Inna likita zai faɗa, ba amsar da ta ba ki a kan koko ba. Kuma ko da ta tabbata kin ba yaron nono sau ɗaya, kina cikin jego da jiri, kika manta bayan shekara ashirin da biyar, wannan ba shaidar ciwo ba ce. Mutane masu lafiya suna manta abin da ya fi haka, shi ya sa ma garinku ya buƙaci mace irin Inna.

Akwai abin da kika rubuta da hannunki kika wuce ba ki tsaya a kansa ba. Kin ce wata rana Inna tana kiranki Laraba. To ran Juma'ar nan da ta dube ki ta ce ke kika ba shi nono, wa take gani a gabanta? Gaskiya ne masu wannan larura sukan riƙe tsohon abu fiye da sabo, amma kuma sukan sa wa wani fuskar wani. Zai iya zama ta tuna yaron daidai, ta tuna ranar daidai, matar ce kawai ta musanya. Ban ce haka ne ba. Na ce ki daina ɗauka cewa ƙofa biyu ce kawai a ɗakin.

Amma ki ji ɗaya gefen, don shi ne mai nauyi. Ba za ki yi shiru a ɗaura ba. Maganar ta fito daga bakin matar da ta fi kowa sanin wannan fage, mutum uku sun ji, kuma ke da kanki kin shiga kokwanto. In kika binne ta, za ta tashi ran da Amira ta haihu, ko ran da suka yi saɓani da mijinta, kuma a lokacin ba rana za a ɗaga ba, gida za a rushe. Haka kuma ba za ki fasa a kan wannan magana ita kaɗai ba, alhali ga mai shaida da ranta, tafiyar da ba ta kai wuni ba.

Ki je Maiyama cikin makon nan. Ki fara da neman gafara, don kin san kin yi mata ba daidai ba, kuma wannan haƙƙi ne a kanki ko da babu maganar aure. In ta yi miki faɗa ki shanye, shekara goma sha huɗu take ajiye da shi. Idan kin zo tambaya kada ki sa mata amsa a baki, kada ki ce mata ga abin da Inna ta ce, ga abin da kika tuna. Ki ce ta ba ki labarin kwana huɗun da Balkisu ta yi a asibiti, ki yi shiru ki saurara. Ki tafi da wata dattijuwa mai amana ta ji da kunnenta. In akwai sauran tsofaffi a gidan su Balkisu a Liba, su ma a ji ta bakinsu.

Kafin ki tafi ki faɗa wa maigidanki. 'Yarsa ce, kuma in ya ji daga waje ya fi muni. Kin ce mai saurin fasawa ne, to ki roƙe shi abu ɗaya: kada ya yanke hukunci da kansa, ku kai duk abin da aka samu gaban malami masanin fiƙihu, shi zai faɗa muku irin shaidar da ke tabbatar da shayarwa da wadda ba ta isa ba, da kuma matsayin nonon Laraba a wannan aure. In mako bakwai bai isa ba a ɗaga rana, ba a kanku aka fara ba. Amira kuma ki daina barinta tana roƙonki a'a. Ki ce mata ba ki da tabbas, kuma kin tashi nema. Ki shirya zuciyarki, don amsar za ta iya zuwa yadda ba kwa so. In haka ta faru za ku yi kuka, yaran nan za su ji ciwo mai tsanani, ba ni da abin da zan faɗa da zai rage shi. Amma zai wuce da mutuncinsu a hannunsu.

Takardar da ke ƙarƙashin zannuwa kuma ki fito da ita. Yayanki yana tsoron bakin mutane, kuma tsoronsa ba na banza ba ne, mun san yadda ake yi wa gida tambari. Sai dai likita ya ce a cikin abubuwan da yake zato akwai wanda magani ke gyarawa, kuma wata takwas ke nan kuna zaune a kai. Wannan ba hauka ba ce, ciwo ne kamar kowane ciwo. Ki sa maigidanki ko wani babba da Yari ke jin nauyinsa ya yi masa magana. Ko hoton bai kawo waraka ba, hawan jinin nan dole a riƙe shi da magani, kuma a kula da ƙofa, kada a maimaita ta Fagada.

Sai tambayarki ta ƙarshe. Ban sani ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani ƙarya yake. Abin da likitoci ke faɗa shi ne, yawancin mantuwar da ke zuwa da tsufa ba a gadonta kai tsaye kamar gona. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta yi, haɗarinsa ya ɗan fi na wani, amma da yawa suna tsufa da hankalinsu garau. Irin wanda ke bin jini sosai ba shi da yawa, kuma yakan fara da wuri, ba a shekarun Inna ba. Rubutun da likita ya yi kuwa aikinsa ne, da kin ce babu kowa ma sai ya rubuta. Ran da kuka koma ki sa a gwada naki jinin da suga, ki faɗa masa mantuwarki da rashin barcinki yadda kika faɗa mini. Wannan shi ne rabonki a cikin lamarin, saura na Allah ne.

Ki kuma sayi littafi. Ki rubuta duk wanda kika san ya sha nonon wata a danginku da maƙwabtanku, wanda kika gani da wanda kika ji daga Inna lokacin tana da lafiya, ki ba 'ya'yanki. Ba don kina shirin mantuwa ba. Gari guda ya aza wannan kaya a kan mace ɗaya shekara da shekaru, ga shi yau kan ya gaji kowa ya rasa madafa.

Ita kuwa Inna, ki sauke ta daga kujerar shaida. Ta yi aikinta tun ranar da ta shigo da kwanon kunu, ba ta da sauran abin da za ta ba ki a wannan magana sai tsoro da hawaye. Abin da ya faru ran Talata ki nemi gafarar Allah, kada ki maimaita, kuma ki nemi wadda za ta riƙa karɓarki jinya ko wuni ɗaya a mako, don gajiya ce ta kai hannunki kafaɗarta. Gobe da safe in kin kai mata koko kada ki tambaye ta komai. Ki zauna kusa da ita, ki fifita mata, ki shafa mata mai a ƙafa. Ta ce a bari ɗiyarta ta zo, to ki zo mata.

Allah ya ba ki ƙarfin taka ƙofar Laraba, ya zaɓa wa Amira da Ammar abin da ya fi alheri, ya bar miki hankalinki har ƙarshen kwananki. Allah ya sa Inna ta gane ki gobe. In kuma ba ta gane ki ba, Allah ya ba ki ikon zama ɗiyarta a haka.

Hajiya Wasila